Tabon da na goge da hannuna

Sati uku na ɓata ina goge abin da ya kamata in rubuta kundin digirina a kansa.

Bayanan GOLD nake aiki da su, wato na'urar da hukumar NASA ta ɗora a jikin tauraron sadarwa na SES-14, aka harba a Janairun 2018. Tana can sama, kusan kilomita 36,000 saitin Brazil, tana leƙen saman iskar duniya da hasken ultirabayolet, wanda ido ba ya gani. Irin wannan haske ba ya isowa ƙasa, oksijin da ke ƙasa-ƙasa yana shanye shi, shi ya sa sai daga sama ake kallonsa. Da dare oksijin mai caji kan sake haɗuwa da ilektoron, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, sai ya fitar da irin wannan haske mai tsawon zangon nanomita 135.6 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Inda ilektoron suka yi yawa wurin ya haskaka, inda suka yi ƙaranci ya yi duhu.

Duk wannan na haddace shi tsaf. Amma da na buɗe hotunan bayan magariba, sai ga layuka biyu masu haske, ɗaya arewa ɗaya kudu da ikwatar maganaɗisu (layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu), wasu baƙaƙen zane sun ratsa su kamar tsagar fuska. Na ce ai dattin na'ura ne. Na zauna na rubuta lissafin da ya shafe su, hoto ya fito sumul, har ina jin kaina.

Malamina ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya ce, "Ina ramukan?"

Na ce, "Malam, na gyara su."

"Gyaran gangar Auzinawa ke nan."

Ashe kumfar filasma ce, wuraren da ilektoron suka ragu sosai bayan faɗuwar rana. Ita ce ke rikita siginar GPS a yankinmu, tunda ikwatar maganaɗisun ta ratsa Najeriya, kuma Afirka ta Yamma tana fitowa a gefen hoton GOLD. Abin haushin, na san duhu ƙarancin ilektoron ne; son hoto mai kyau ne ya rufe mini ido.

Yanzu ba na taɓa asalin fayil, kwafi nake yi. Kafin in goge wani tabo kuma sai na buɗe hoton da ke biye. In na tarar ya ɗan gusa gabas, na bar shi, tunda gabas kumfar kan nufa.