Na ciro layi ɗaya daga cikin xref, kuma ya sauka a mazauninsa

Jama'a, abin ya yi. Ɗan umarnin da nake ta fama da shi a AutoLISP, harshen rubuta umarni na manhajar zane ta AutoCAD, yanzu yana ɗauko layi guda daga cikin xref, wato zanen wani fayil da aka jawo yana bayyana a cikin naka, ya ajiye min kwafinsa daidai kan na asali, ko an juya xref ɗin, ko an ninka girmansa. Na gwada shi a kan bango, na gwada a kan da'ira da baka, na auna, tsawo ya fito yadda ido yake gani. Raina fes yake, don wannan matsala ta daɗe tana hana ni sakat.

Zanen da nake koyo da shi na bututun ruwa ne a gini mai hawa biyu. Zanen ginin na wani ne, ni dai na jawo shi a matsayin xref ina ɗora nawa a kai. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: in ɗauki layin cikin bango, in yi masa OFFSET na milimita 50, wato in fitar da wani layi daura da shi a wannan tazara, bututu ya bi jikin bango. Amma kun san halin xref. Ka taɓa layi ɗaya, ginin gaba ɗaya ya haska. OFFSET ba ya karɓar layin da ke ciki. Ctrl da dannawa yana ware gaɓa ɗaya ta folilayin ɗinka (layi mai gaɓoɓi da yawa a haɗe) ko fuskar abu mai kauri uku, amma ba ya kutsawa cikin xref. Kunna SELECTIONCYCLING ma ba ya ƙara komai, jerin da zai nuna maka suna ɗaya ne a ciki. Kaya ne a bayan gilashi, kana gani, hannu ba ya kaiwa. Waɗanda suka fara da MicroStation, wata manhajar zane, su suka fi jin zafin wannan, don a can in ka kunna Locate ga fayil ɗin da ka jawo, kowane abu a ciki yana zaɓuwa shi kaɗai.

Kafin in shiga dogon labari, akwai abubuwan da ba sa buƙatar ciro komai, kuma na ga da yawa daga cikinmu muna wahalar da kanmu a kansu. OSNAP yana kama ƙarshen layi da tsakiyarsa a cikin xref lafiya lau, don haka aune-aune da DIST ba matsala ba ne. TRIM da EXTEND suna yarda da layin xref a matsayin iyaka. HATCH da BOUNDARY suna ganin bangon xref in ka danna cikin ɗaki, kuma BOUNDARY zai ba ka folilayin naka na kanka da ya zagaye ɗakin, wanda OFFSET zai karɓa. In ɗaki a rufe yake ruf, wannan ita ce hanya mafi sauri. Nawa ɗakunan dai duk da gurbin ƙofa, layin sai ya zurare ya fice ta nan. In kuma sunan leya (layer, rukunin da aka sa abin a ciki) kawai kake nema, XLIST na cikin Express Tools, ƙarin kayan aikin AutoCAD, zai faɗa maka irin abin, leyarsa, launinsa da nau'in layinsa. LAYFRZ ma yana shiga ciki ya daskarar da leyar abin da ka taɓa, sai dai ka leƙa Settings ɗinsa, don in yana kan None, leyar da xref ɗin yake zaune a kai zai daskarar, ginin duka ya ɓace maka.

NCOPY, umarnin kwafo abu daga cikin xref, shi ne amsar da kowa zai fara ba ka, kuma gaskiya ce, yana aiki. Da can yana cikin Express Tools, daga AutoCAD 2012 ya zama umarni na cikin gida. Abu biyu ne suka gundure ni da shi. Na farko, ɗaya bayan ɗaya ake dannawa, ba a jan akwati a kwashe. Bangon da aka zana da guntayen layuka rututu sai ka yi ta tsinta har yatsa ya gaji. Na biyu, tarkon da ke wurin tambayar inda za a ajiye. In ka ba shi wurin farawa, sannan ka buga Enter a tambaya ta biyu, sai ya ɗauki lambobin wurin farkon nan a matsayin nisan da zai tura kwafin. A zanen da lambobin matsayinsa suka kai dubban ɗaruruwa, kwafin ya tafi ke nan, sai ZOOM Extents ya nuna maka ginin ya koma ɗigo a lungun allo. Enter sau biyu ba tare da ka danna ko'ina ba shi ke barin sa a wurinsa. Ku kuma duba Settings: Insert yana kawo sunan leya a wanke, Bind kuma yana manna masa sunan fayil da $0$ a gaba.

REFEDIT kuwa, mai buɗe xref a gyara shi a inda yake, ina tsoronsa, kuma ina ganin tsoron ya dace. Yana ba ka abin da kake so, kowane layi ya zaɓu, akwati ya yi aiki. Amma fayil ɗin mutum ne ka buɗe. In ka cire abu daga rukunin aiki da REFSET sannan ka adana, abin ya bar fayil ɗin mai shi ya dawo naka, kuma duk wanda ya jawo wannan fayil zai tarar da bangonsa da giɓi. Yadda nake amfani da shi yanzu: in shiga, in zaɓi abin da nake so, in yi COPYBASE daga 0,0,0, in fita da REFCLOSE ta hanyar Discard, in manna a 0,0,0. Ba na taɓa maɓallin adanawa ko da wasa. UCS, wato tsarin lambobin matsayi da kake aiki da shi, ya kasance a World kafin da bayan. In mai fayil ya sa XEDIT a 0, ƙofar a kulle take, kuma ban ga laifinsa ba.

To, ga inda na daɗe. Na ce bari in rubuta nawa umarnin, wanda da dannawa ɗaya zai kwafo layin, ya sa shi a leyata ta taimako, ya wuce ba tare da tambaya ba. A AutoLISP, entsel yana tsayawa a bakin xref, nentsel kuma yana shiga har ƙurya ya kawo maka ainihin abin da ka taɓa. Na karɓi bayanansa da entget, na miƙa wa entmakex, layi ya haihu. Murna ta koma ciki nan take: layin yana can wata duniya, a karkace, kuma ƙanƙani har sai an yi ta zuƙowa kafin a gan shi. Bangon da na auna 4500 a allo, LIST ya ce 4.5.

Dalilin a fili yake in ka tsaya ka yi tunani, amma a lokacin kaina ya ɗaure. Abin da entget yake karantowa lambobin layin ne kamar yadda suke a cikin fayil ɗinsa na asali. Bai san an jawo fayil ɗin wani wuri ba. Mai zanen ginin da mita ya yi aiki, INSUNITS ɗinsa 6, ni kuma da milimita, nawa 4, don haka lokacin jawowa an ninka shi sau 1000. Na kuma juya shi don doguwar fuskar ginin ta kwanta a takarda. Ninkawa, juyawa da matsarwa duk suna jikin xref ɗin ne, ba sa jikin layin. Wannan dai ita ce matsalar da ke samun wanda ya buɗe fayil da XOPEN, ya kwafo, ya yi PASTEORIG: lambobin can ne zai zo da su, ba na nan ba. Wanda ya haɗa inci da milimita shi kuma 25.4 zai gani tana yi masa yawo a lissafi.

Sai na koma yin lissafin da hannu. A bayanan da entget yake bayarwa, inda kowane bayani yake da lambarsa, na karanto wurin dasa xref daga lamba 10, ma'auni daga 41, kusurwa daga 50, na juya kowane ƙarshen layi, na ninka, na tara. A kan layi miƙaƙƙe ya yi kyau har na fara jin kaina. Da na taɓa baka, tsakiya ta sauka daidai amma bakan yana fuskantar wani gefe, don kusurwar farawa da ta ƙarewa su ma suna son juyi. Na gyara wannan. Da na taɓa ganyen ƙofa, komai ya sake wargajewa, saboda ƙofar bulok ce a cikin xref, wato layuka da aka dunƙule suka zama abu ɗaya, tana da nata juyin da nata wurin dasawa, wasu ma an yi musu MIRROR, ma'auninsu ya zama da alamar ragi. Kowane irin abu da nasa lissafin, kowane hawa na bulok da nasa. Na ga in na bi wannan hanya ba ranar gamawa.

Ashe nentsel ɗin da kansa yana ba da maganin. In abin da ka taɓa yana cikin bulok ko xref, jerin da yake dawowa da shi abu huɗu ne, ba biyu ba: sunan abin, wurin da ka danna, jadawalin juyawa (matrix), sai jerin gidajen da abin yake ciki daga na ƙurya zuwa na waje. Wannan jadawali na uku ya riga ya haɗe duk juyi da ninki da matsi na kowane hawa a wuri ɗaya. Ka ƙirƙiri kwafin a inda ya ga dama, ka miƙa jadawalin ga vlax-tmatrix, ka kira vla-TransformBy, shi ke nan.

Sai dai bai tafi haka nan ba. vlax-tmatrix ya ƙi karɓa, kuskure kawai yake jefo min. Na buga jadawalin a layin umarni na zuba masa ido. Sahu huɗu ne, kowane da lamba uku. Shi kuma huɗu sau huɗu yake so. Na ƙara masa lamba ta huɗu da kaina, ya karɓa, amma layin ya juya ta ɗaya ɓangaren, kuma bai matsa zuwa wurinsa ba. A nan na gane cewa ba ƙarancin lamba kaɗai ba ne, kwanciyar jadawalin ma daban take: a na nentsel, nisan matsarwa yana sahun ƙarshe, a wanda TransformBy yake so kuma yana ginshiƙin ƙarshe. Ana iya kifar da shi da hannu, amma babu buƙata. Akwai nentselp, da p a ƙarshe, wanda yake dawo da huɗu sau huɗu a kwanciyar da ake so. Na canja sunan, na danna bango, kwafi ya hau kan layin daram. Na danna bakan ƙofar da aka yi wa MIRROR, shi ma ya hau. Wallahi sai da na tashi tsaye.

Ga waɗanda za su gwada, ƴan abubuwan da suka rage a jikinsa. Ku kira vl-load-com a farko. Ku duba tsawon jerin kafin ku nemi jadawali, don in abin ba a cikin komai yake ba, abu biyu kawai za ku samu. Kafin entmakex ina zubar da lambobin da suka ɗaure abin da tsohon gidansa, su -1, 5, 330 da 102, ina kuma maye lamba 8 da sunan leyata. Leyar xref mai sandar nan a tsakiyar suna ba tawa ba ce, ba a ma iya mayar da ita leyar aiki, don haka ba na son kwafina ya rataya a kanta. Haka nau'in layi a lamba 6. Launi a 62 ma ina cirewa, saboda mai zanen nan ya tilasta wa kusan kowane layi launinsa maimakon ya bar shi ByLayer. Wannan hali nasa ya taɓa sa na sake buga manyan takardu gaba ɗaya, bango ya fito baƙi ƙirin ya danne bututun, kuma kuɗin bugun ya yi min ciwo. XREFOVERRIDE da ya zo a 2016 shi ya raba mu: ka sa shi a 1, duk abin da ke xref ya bi launin leyarsa. Masu AutoCAD LT, wato ƙaramin samfurin manhajar, Express Tools babu a wurinku, don haka babu XLIST, amma daga LT 2024 AutoLISP ya shigo.

Leyar taimakon nan na hana ta fita a bugu, kuma da gangan na ba ta launi mai ɗaukar ido. Kwafi ba ya bin xref. Ranar da mai gini ya matsar da bango, xref zai sabunta, kwafina yana nan a tsohon wuri, bututun da na ɗora a kansa ma haka. Shi ya sa da na gama OFFSET nake share kwafin, kuma duk sanda sanarwar canjin fayil ta fito a ƙasan allo, sai na bi bango-bango na duba.

Abu biyu har yanzu suna ƙi. Tsohon nau'in folilayin, wanda LIST yake kira POLYLINE ba LWPOLYLINE ba, nentselp ba ya kawo shi ɗungurungum, ƙulli ɗaya yake kawowa daga jikinsa. Dole in hau zuwa uwar ta lamba 330, in bi ƙullayen da entnext har SEQEND, in sake gina shi. Layukan tudu da kwari na masu safiyo da yawa irin wannan ne, don haka ba zan iya kauce masa ba. Na biyun kuma ƙofa ce: wani lokaci ƙofar nake so duka, ba ganyenta kaɗai ba. Sunanta yana farkon jerin gidajen nan na huɗu, amma jadawalin da ke hannuna ya riga ya haɗa da juyin ƙofar kanta, in na ɗora mata shi juyin zai zama biyu. Abin da nake gwadawa yanzu shi ne in gina jadawalin xref ɗin shi kaɗai daga gida na ƙarshe a jerin. In wani a cikinku ya taɓa warware wannan ba tare da ya koma lissafin hannu ba, don Allah ya nuna min ta inda ya bi.