Abin da aikin tace ruwa ya koya mini game da guba

Sabon ma'aikaci a matatar ruwa, tsoronsa na farko shi ne wani mugu ya lallaɓo cikin dare ya zuba guba a madatsa. Da na daɗe a aikin, sai na ga ba nan ta fi sauƙin ɓaci ba. Ruwan madatsa yana da yawa, sai an kawo guba mota-mota kafin ta yi tasiri. Haɗarin da ya fi kusa yana cikin sito ɗinmu: alam, kulorin da sauran sinadaran da mu kanmu muke zubawa kullum.

A watan Yuli na 1988, a yankin Camelford na Ingila, wani direba ya kawo tan 20 na ruwan alam matatar Lowermoor. Babu kowa a wurin, amma dama an ba shi makulli, ya buɗe tankin da ba shi ba, ya juye kayansa cikin ruwan da aka riga aka tace. Mutane wajen 20,000 ne ke shan ruwan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an yi ta ce wa jama'a ruwan ba shi da illa, sai da aka haura mako biyu kafin a faɗi gaskiya. Shi ya sa idan na je duba matata, kafin in shiga ɗakin gwaji nakan tambayi wa ke riƙe da makullai, wa ke karɓar kaya, kuma ko an rubuta suna a bakin kowane tanki. Wasu na ganin wannan aikin maigadi ne. To, ya zama.

Doka kuma tana da nata gibin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a maikirogiram 10 cikin lita ɗaya, amma iyaka a takarda ba ta hana komai idan an ɗebi samfur ta hanyar da za ta ɓoye matsala. A garin Flint na Amurka, bayan an koma ɗibar ruwan kogi a 2014 ba tare da sa maganin hana cin bututu ba, dalmar da ke jikin bututun ta riƙa narkewa cikin ruwan gidaje, alhali rahotanni na cewa lafiya lau. A shekarar ce kuma sinadarin MCHM, na wanke kwal, ya tsiyaye cikin kogin Elk a jihar West Virginia, aka hana mutane kusan 300,000 amfani da famfo. Ba ya cikin jerin abubuwan da aka saba aunawa, kuma na'ura ba ta ganin abin da ba a ce ta nema ba.

Har yanzu ina fama da abokan aiki a kan sanarwar "a tafasa ruwa". Tafasa na kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma ba ta bin tururi, sai ma ta ƙara taruwa a ɗan ruwan da ya rage. Idan sinadari ne ya shiga, sanarwar ita ce kada a sha, kuma a fitar da ita tun ana zargi, ba sai sakamakon gwaji ya dawo ba.