Mako na 11: kalmar hardly ta kusa jawo wa yarona asarar aiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu fama da Turanci irina. Littafina na wannan makon kalma ɗaya ce ta cinye shi, kuma abin kunya ne ya jawo.

Akwai wata mata da nake yi wa ɗinki, ba ta jin Hausa sosai. Ta ce in samo mata wanda zai gyara mata keken ɗinki, sai na tura mata yaron shagona. Don in yabe shi na bi ta da saƙo a WhatsApp: "He hardly works." A lissafina, tunda quick kan koma quickly, slow ya koma slowly, ai hard ma hardly zai koma. Ba a jima ba ta amso, wai don me zan turo mata malalaci? Na kai wa malaminmu na ajin yamma wayar, ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam, ai zaginsa ka yi. He works hard shi ne yana aiki tuƙuru. Wannan da ka rubuta, cewa ka yi da ƙyar yake taɓa aikin." Ashe hard ba ta buƙatar wutsiya, kamar dai fast. Da ka maƙala mata ly, ta zama wata kalma dabam.

Abin da ya sa ta zauna min a kai shi ne asalinta. A tsohon Turanci hardly na nufin yin abu da ƙarfi, daga baya ta koma yin abu da wahala, sai wajen ƙarni na 16 ta ɗauki ma'anar da muka sani yau. Da na ji haka sai na tuna da tamu "wuya". In ka ce aikin nan da wuya, wahala kake nufi. In ka ce da wuya ya zo yau, ka tashi daga maganar wahala, kana cewa ne kada a sa rai. Hanya ɗaya harsunan biyu suka bi, ba tare da sun yi shawara ba.

Daga nan na daina haddace ta ita kaɗai. Duk jimlar da na tsinta sai in tambayi kaina, da Bahaushe ne me zai ce? Sai na ga mu kalmomi da yawa muka raba wa aikin da ita take yi. In sabis ya lalace kana waya, "I can hardly hear you" shi ne da ƙyar nake jin ka. In ta haɗu da ever ta zama ba kasafai ba: "He hardly ever comes to the shop." In ta haɗu da any kuwa, kusan babu ke nan, kamar "There is hardly any thread left", wato zaren ya kusa ƙarewa ƙarƙaf.

Wadda ta fi ba ni wahala, ta kuma fi burge ni, ita ce "Hardly had I sat down when the light went off." Kwana biyu ina juya ta, don had ta riga I zuwa kamar ana tambaya. Sai ranar Laraba ina zama kan keke aka ɗauke wuta, na ji bakina ya ce, "Zamana ke nan sai aka ɗauke wuta." To ai ita ce! Inda muke sa "sai", nan suke sa when. Ku kula, when ce abokiyar tafiyarta. Than kuwa ta no sooner ce, wata hanyar faɗin irin wannan magana, kada a haɗa ta aure da hardly.

Inda har yanzu nake tuntuɓe shi ne korewa. Mun saba da "ba" a gaba "ba" a baya, don haka in ban ga not a jimla ba sai in ji kamar ban kore komai ba. Alhali hardly da korewarta take tafe. "I can't hardly see" ana jin ta a bakin wasu Amurkawa, amma a jarrabawa kuskure ce. Haka ɗan guntun tambayar nan da ake liƙawa a ƙarshe: "She hardly eats, does she?" ake cewa, ban da doesn't. Na gwada irin waɗannan guda biyar daga tsofaffin tambayoyin WAEC, na faɗi uku. Hannuna ne ke rigan kaina.

Hardly tana da 'yan'uwa biyu, barely da scarcely. Barely daga bare take, abin da ba a rufa masa komai ba, kuma a kunnena ta fi dacewa da wanda ya tsallake da ƙyar da jiɓin goshi: "I barely passed." Tana kuma son lissafi, kamar "barely ten years old", yaron da da ƙyar ya cika goma. Scarcely kuwa a littafi na fi gamuwa da ita, ban ga amfanin ɓata mata lokaci yanzu ba.

Wani abu da malam ya ƙara mana muna shirin tashi: in aka tambaye ka ko ka ji daɗin abu, ka ce "Hardly!" kawai, daidai yake da Bahaushe ya ce "Ina!" Tun ranar nake neman wanda zai yi min tambayar da zan amsa haka, ban samu ba tukuna.

Yaron dai ya je ya gyara keken, bayan na sake saƙon na cire wutsiyar. Mako mai zuwa late da lately ne a gabana, sai near da nearly, don malam ya ce su ma irin wannan tarkon ne.