Ɗaura maƙalin safaya a bambar bayan Hilux

Toyota Hilux tana zuwa da safayarta rataye a ƙarƙashin bodi da sarƙa. Wannan ya wadatar a kan kwalta, amma da zarar an sa manyan tayoyi na inci 33, irin su 285/75R16, gurbin yakan yi kaɗan, ga laka da duwatsu suna dukanta. Shi ya sa ake mayar da ita baya, a kan hannun ƙarfe mai buɗewa kamar ƙyaure.

Kafin ka sayi komai, leƙa ƙarƙashin bambar. Wadda mota ta zo da ita daga kamfani ba a yi ta don wannan kaya ba. Irin wannan taya da wilinta takan kai kilo 35 zuwa 40, hannun kansa zai ƙara wajen kilo 20, kuma duk nauyin a kusurwa ɗaya zai tattaru. Ana buƙatar bambar ƙarfe mai kaurin milimita 4 ko 5, wadda aka ɗaure kai tsaye a jikin shasi da kusoshi M12 (masu kaurin milimita 12) masu lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9 a kansu, aƙalla uku kowane ɓangare. A yi amfani da ramukan da ke jikin shasin tun asali. Mai walda zai ce maka ya fi sauƙi a liƙe bambar da wuta kawai. Kada ka yarda, zafi yana raunana shasi, kuma daga bakin waldar tsagewa ke somawa.

Majuyin hannun shi ne inda aiki yake. Wasu sukan soka kusa mai kauri cikin bututu su ce an gama. Bayan ɗan lokaci a kan gargada ramin zai cinye, hannun ya sunkuya. Abin da ya dace shi ne sandar gatari irin ta tirela mai boris biyu, sama da ƙasa. A huda bambar, sandar ta ratsa ta, a yi walda sama da ƙasa, sannan a tallafe wurin da ƙarin faranti daga ciki, kusa da inda bambar ta kama shasi. A auna da ma'auni a tabbatar sandar ta miƙe sak, domin in ta karkata ko kaɗan hannun zai riƙa buɗe kansa. A cire boris da robar da ke tsare giris kafin a kunna wuta, a kuma cire wayar batir. Inda motoci ke bin gefen dama na titi, na fi son majuyin ya zauna a dama, don kada hannun ya buɗe zuwa tsakiyar titi.

Hannun a yi shi da bututu mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 50, kaurin bango milimita 4. Farantin taya kuwa ya bi tsarin wilin motar: Hilux mai jan ƙafa huɗu rami shida ce a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7 (6x139.7), da kusoshi masu zaren M12x1.5. Kusoshi uku sun isa. Tayar ta matso kusa da bodi iya yiwuwa, a bar kamar santimita 3, kuma robarta ta jingina da ƙarfen hannun, kada a bar wili shi kaɗai da nauyi.

Sakata ce ake rainawa, alhali ita ke kashe yawancin maƙalai. In an rufe, bakin hannun ya hau kan matashi na roba mai tauri ko nailan, sakatar kuma ta matse shi har ka girgiza taya da hannu biyu ka ji motar ce ke motsi. Sararin milimita ɗaya ya isa ya zama guduma a kowane ramin hanya, har walda ta buɗe. A ƙara fil na tsaro a kan sakatar, da wani fil ɗin da zai riƙe hannun in an buɗe shi a gangare, kada ya daki fitilar baya.

Sai a gwada ƙofar bodi ta sauka ba ta taɓa komai ba. In taya ta rufe lambar mota ko kyamara, a matsar da su tare da fitilar lambar. A shafa fentin hana tsatsa, a cika boris da giris, a ɗaure notin majuyi har lilo ya ɓace amma hannun na juyawa, a soka masa fil. Kusoshin M12 masu 8.8 suna son ƙarfin ɗauri kimanin Nm 80 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure kusa). Bayan fita ta farko a jeji a sake bin su duka da sifana, a kuma duba gefen kowace walda: jan layin tsatsa siriri alamar tsagewa ce.