Yadda na sa tsohuwar kwamfuta ta kwashe faya-fayan Kawu

Kawuna ya yi shekaru yana ba da hayar fina-finai a wani ɗan shago a Sabon Gari, nan Maradi, tun zamanin kaset har aka koma faifai. Daga Kano kayan ke zuwa, su bi ta Katsina da Jibiya su shigo ta Ɗan Isa. Da wayoyi suka cika gari, kowa ya koma wajen masu tura fim a kati, sai kasuwa ta mutu, ya rufe shagon ya kama sayar da kayan masarufi. Faya-fayan suka zauna cikin kwalaye a ɗakin kwano, zafin bazara na dafa su, ƙurar hunturu na bin su. Bara ya ɗauko faifan bikin ɗiyarsa ta fari zai nuna wa jikoki, hoto ya tsaya cak ana tsakiyar kamu. Ya aiko aka kira ni. "Kai da kake wasa da kwamfuta, babu dabara?" Na ce, "Akwai, Kawu." Ashe ban san abin da na jajibo wa kaina ba.

Da muka ƙirga, sun haura ɗari shida: fina-finan Hausa, na Indiya, wa'azi, da na bukukuwan dangi da maƙwabta. Tun a ranar muka yi magana ɗaya, cewa ajiya za mu yi, ba ta sayarwa ba. Satar fasaha tana cikin abin da ya karya ƴan fim na Kano, kuma Kawu ya ga haka da idonsa.

Makon farko da hannu na yi. In sa faifai, in buɗe HandBrake, manhajar da ke juya fim ɗin faifai zuwa fayil ta rage girmansa, in zaɓi fim, in jira. Kwana bakwai, faifai goma sha tara. Na yi lissafi na ga zan tsufa a kai. Sai na ɗauko wata tsohuwar kwamfutar cinya na sa mata Linux, tsarin gudanar da kwamfuta irin Windows, na jona mata abin karanta faifai guda biyu ta USB. Abin da nake so shi ne in sa faifai, ta kwafa, ta tofo shi waje, in sa wani.

A Linux akwai udev, wanda ke lura da duk abin da aka jona ko aka saka wa kwamfuta. Na rubuta masa doka cewa da zarar ya ji faifai, ya tada ɗan rubutun umarnina. Ya tada kuwa, amma aikin yakan yanke a hanya ba sallama. Kwana biyu ina zargin faya-fayan. Ashe udev ba ya barin dogon aiki ya zauna a ƙarƙashinsa, kashe shi yake yi. Maganin shi ne ya miƙa aikin ga systemd, mai kula da ayyukan da ke gudana a Linux, ya kama gabansa.

Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Automatic Ripping Machine da ke yin duk wannan a haɗe: ta kwafa da MakeMKV, manhajar kwashe bidiyo daga DVD, ta matse da HandBrake don rage girma, ta nemo sunan fim a intanet. Na gwada ta, kuma ga mai fina-finan Amurka ta isa. Amma tana dogaro ne da sunan da aka rubuta cikin faifan, namu kuwa yawanci DVD_VIDEO ne kawai ko babu komai. Na tashi da safe na tarar da fayiloli goma sha biyu kamar ƴan gida ɗaya. Shi ya sa na koma wa nawa rubutun, ko da bai kai ta kyau ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai ni na yi shi da hannuna. Na umurci kwamfuta ta ɗauki ɓangare mafi tsawo a kowane faifai ta bar sauran, don in huta da tallace-tallacen da ake jerawa kafin fim. Hakan ya yi daidai ga faifai mai fim ɗaya. Amma akwai masu fim huɗu ko takwas a cunkushe, kuma masu ɗaukar biki sukan raba aikinsu: ɗaurin aure daban, kamu daban, kai amarya daban. Faifai wajen saba'in na wuce kafin in gane cewa rabin abin da ke ciki ina barinsa a baya. Har MakeMKV, in ba ka taɓa saitinsa ba, yana tsallake duk abin da bai kai minti biyu ba. Daga ranar na daina bari na'ura ta yi mini zaɓi. Ta kwashe komai, zaɓi nawa ne.

Wannan ya sa na raba aikin gida biyu. Da rana kwafa zalla: a ɗauki faifan yadda yake, ba a rage komai. Da dare, in gari ya yi sanyi, sai a matse zuwa MP4 da H.264, tsarin fayil ɗin bidiyo da yawancin wayoyi da talabijin ke buɗewa. Matsewa ce ke gasa kwamfuta, kuma a watan Afrilu da rana tsaka ta sha kashe kanta. Ainihin kwafin kuma ba na gogewa. DVD mai shimfiɗa ɗaya na ɗaukar gigabait 4.7, mai biyu 8.5, don haka rumbun ajiyar kwamfuta mai terabait ɗaya yana cin cikakkun faya-fayai masu shimfiɗa ɗaya kamar ɗari biyu. Kuɗi ne, amma in matsewa ta ɓaci ba sai na sake wahalar da faifan da ke kan gargara ba. Ta kuwa ɓaci: na farko da na yi, duk wanda ya motsa sai gefen jikinsa ya yi haƙora kamar na matsefi, don na manta kunna tacewar da ke haɗe layukan hoton talabijin.

Ga kuma VCD, faifan bidiyon da ya riga DVD, wanda shi ne rabin kayan Kawu. MakeMKV ba ya karanta shi sam, sai da wata manhajar mai suna vcdxrip. Hoton VCD ɗigo 352 ne a 288, bai kai na DVD mai 720 a 576 ba, kuma babu dabarar da za ta ƙara masa kyan da ba shi da shi. Faifai ɗaya bai wuce minti tamanin ba, shi ya sa dogon fim ke zuwa a faifai biyu.

Wuta ma ta koya mini hankali. Batirin kwamfutar yakan riƙe ta in an ɗauke, amma ba kullum yake kai ta gaci ba, sai a bar ni da fayil mai kama da cikakke alhali guntu ne. Yanzu kowane fayil yana ɗauke da sunan wucin gadi har sai an gama. DVD masu ƙarzuwa kuwa ddrescue nake ba su, wani ɗan shirin ceto bayanai daga faifan da ya lalace. Yana rubuta inda ya tsaya da inda ya kasa, gobe ya ɗora, har ma a wani abin karantawar, domin abin da ɗaya ya ƙi wani lokaci ɗayan yakan karɓa. Kafin nan a goge faifai da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba.

Suna dai ya gagari na'ura. Lamba nake rubutawa a jikin kwalin faifai, kwamfuta ta ba fayil lambar, in ɗauki hoton kwalin da waya. Bayan isha'i sai in kai wa Kawu, ana shayi ina buɗe masa ɗaya bayan ɗaya. Minti ɗaya ya ishe shi. "Wanga bikin gidan maƙwabcinmu ne na Mokoyo, shekarar da Gulbi ya cika. Rubuta." Wani kuma sai ya ce in bari ya ƙara gani, mu kwana ba mu wuce faifai uku ba.

Faifan bikin ɗiyar tasa ya fito bayan kwana huɗu a hannun ddrescue, sai wajen daƙiƙa arba'in da suka tafi a tsakiyar kamu. Saura talatin da ɗaya a kwali waɗanda suka ƙi karantuwa, kusan duka irin waɗanda aka ƙona a kwamfuta ne, bayansu ya koɗe. Na sa wani mai gyara a babbar kasuwa ya nemo mini tsohon abin karantawa na kwamfutar tebur, in sake gwada su.