Alhamis ɗin da na kai kaina wajen likitar haƙori

Damagaram, bayan isha'i.

Jiya ban runtsa ba. Kwana huɗu ke nan turmin nan na ƙasa ta hagu yana gasa min aya a hannu, amma na daren jiya daban ne wallahi, tun wajen ƙarfe 1 ya fara zuga kamar ana kaɗa ganga cikin muƙamuƙina, yana harbawa har kunne har tsakar ka, in na kwanta ya ƙaru in na tashi zaune ya ɗan lafa, ƙarshe dai jikin bango na kwana da bargo a ka kamar mai takaba. Ga hunturun bana ba dama. Da asuba na ɗebo ruwan randa zan yi alwala, kurkurar baki ɗaya na yi na ji kamar an jona min kuran, wato wutar lantarki, nan na durƙusa da buta a hannu.

Babu abin da ban gwada ba. Kanumfari na tauna na cusa cikin ramin, shi kam ba laifi, yana kashe wurin, sai dai rabin awa abin ya dawo. Ruwan ɗumi da gishiri. Tafarnuwa, wadda ta ƙone min dasashi ta kuma sa uwargida ta ce in dinga magana ina kallon gabas. Parasitamol kuwa har na daina ƙirgawa, sai da ta ɓoye sauran ta ce in haƙori bai kashe ni ba hanta za ta kashe ni. A fada, wajen da muke taruwa hira da shan shayi, kowa likita ne. Wannan ya ce in ɗiga ruwan batir a ramin jijiyar ta mutu a huta, wancan ya ce tramol, wani ya ce akwai wani tsoho mai turara ƴaƴan gauta, ka buɗe baki kan hayaƙin tsutsotsi su zubo cikin kwanon ruwa kana gani da idonka. Na taɓa raka wani wajen irinsu, ni dai abin da na gani yana yawo a kwanon ya fi min kama da ƙwayar gautan da ta fashe, amma ban ce komi ba don ba a nemi ra'ayina ba. Suna ba ni shawarar nan suna miƙo min kofin shayi na biyu, sukari a ciki kamar za a yi alewa.

A gida na ce kuɗi ne ba su zo ba. Ƙarya nake. Tsoro ne, kuma na san inda na samo shi. Ina ɗan shekara 8 ko 9 a gidan kakanmu a Mirriya aka kirawo wanzami ya cire wa kawuna haƙori. Mutum biyu suka riƙe shi, ɗaya kai ɗaya hannuwa, wanzamin ya sa awartaki ya murɗa, har yanzu ina jin ƙarar nan, ƙas, haƙorin ya karye rabi ya rage a ciki aka koma tono. Kawu da ke ɗaga buhun hatsi shi kaɗai ya aza a amalanke, ranar na ga hawayensa. Abin da ya fi tsaya min a rai ma kaji ne, suka taru suna tsattsagar ƙasar da ya tofa jini. Shekara kusan 30 ke nan amma ko awartakin bakanike na gani sai haƙorana su yi tsami.

Da hantsi Inna ta shigo, uwargida ce ta kai mata rahoto na sani. Ta dube ni ta ce kai ɗan nan dubi kuncinka kamar ka ɓoye goro biyu a ciki. Na ce Inna yau Alhamis, kasuwar Dole na ci, mutanen ƙauye za su zo karɓar ɗinki ba zan iya barin shago ba. Ta ce Dole ba yau aka fara cinta ba, ko ka tashi ko in ɗauki mayafina in kai ka da kaina duniya ta gani. To wa ya isa.

Na naɗa rawani na rufe baki na tari kabu-kabu, kowane rami ya faɗa sai na ji shi a turmin. Da muka iso ƙofar gidan likitar na ce ya ɗan ƙara gaba, na sauka wajen wata mai ƙosai na tsaya kamar mai jiran wani. Abin haushi, ciwon ya ɗauke ɗif! Wallahi kamar ba ni na kwana a zaune ba. Har na fara lissafin komawa shago in ce an ce likita ba ta nan, sai na tuna mayafin Inna. Na shiga na yanki tike na zauna a banci. Daga ciki ana jin kukan injin nan mai siririyar ƙara, ziiii, ni da wani dattijo muka kalli juna ba wanda ya yi magana. Can sai ga wata yarinya, ba ta fi shekara 7 ba, ta fito da auduga a baki tana tsalle tana nuna wa uwarta haƙorinta a cikin takarda. Kunya ta kama ni.

Likitar mace ce, na ma girme ta. Ta ce bismilla Malam, na hau kujerar ta kwantar da ni ta jawo fitila kan fuskata. Ta leƙa da ɗan madubi sannan ta juya gindinsa ta ɗan ƙwanƙwasa haƙorin, kaɗan fa, na zabura har takalmina ɗaya ya faɗi. Ta ce tun yaushe? Na ce kwana huɗu likita. Ta ce Malam, ramin nan ba na kwana huɗu ba ne. Sai na faɗi gaskiya, tun azumin bara nake jin shi in na sha ruwan sanyi da buɗa-baki, na koma tauna da gefen dama na ci gaba da harkata.

Aka yi min radiyo, wato hoton cikin haƙorin, ta nuna min a jikin haske. Ta ce babu wata tsutsa, ƙwayoyin cuta ne da ke bakin kowa, su ci sukarin da ya maƙale su fitar da tsami, tsamin ya dinga cin ɓawon haƙori a hankali. Lokacin da ruwan sanyi kaɗai ke tada shi da na zo ciko kawai za ta yi in tafi. Da ya kai jijiya shi ne ya fara hana barci, yanzu kuma ga duhun nan a ƙasan saiwa, mugunya ce ta taru, saman ma ya riga ya ruɓe ba abin da za a ɗora a kai. Sai cirewa. Na ce kanumfari fa? Ta yi dariya ta ce ƙamshin me kake ji a ɗakin nan, ai wani cikon da muke yi da man kanumfari ake kwaɓa shi, yana kwantar da zafi amma ba ya tsayar da ruɓa. Da na ambaci ruwan batir kuwa dariyar ta ɗauke, ta ce duk wanda ya ba ka shawarar nan ka ce ya fara gwadawa a bakinsa.

Na rufe ido na riƙe hannun kujera na karanto duk abin da na haddace, na ce to a yi abin da za a yi. Sai na ji ta ce ba yau ba. Na buɗe ido. Wai kumburin ya yi yawa, bakina ma ba ya buɗuwa sosai, kuma pikir, wato allurar kashe zafi, ba ta kamawa da kyau a inda mugunya take. Ta rubuta odonas, amoksisilin da ibuprofen, ta ce in sha bayan na ci abinci kuma kar in daina don na ji sauƙi, randebu ranar Talata da safe. In kumburin ya gangaro wuya ko zazzaɓi ya rufe ni ko haɗiya ta gagara kada in jira Talata, ko tsakar dare ne in zo likita.

Ban san ko murna zan yi ko kuka ba. Shekara guda ina tara ƙarfin halin nan, na kashe shi duka yau, kuma wai in sake nemo wani kafin Talata. Na biya farmasi na dawo, ban je shago ba, fada ma na aika yaro ya ce ba ni zuwa. Kunu mai ɗumi-ɗumi na sha ta gefen dama. Yanzu zugin ya ragu sosai har ina ta taɓa wurin da harshe ina cewa anya ba zai warke da kansa ba.

Takardar randebun na sa a aljihun rigata da na rataye. Ɗazu na laluba ba ta nan. Uwargida ta ce tana wajen Inna, kuma Inna ta ce ƙarfe 7 na safiyar Talata tana ƙofar gida.