Zagaye biyun da suka kwantar da ni kwana shida

Tun ina firamare ake ce mini barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Baba ya yi kokawa a Argungu, ni kuma ƙwallo na kama, lamba bakwai, in na ja da gudu ba mai tarar ƙurata a unguwarmu a Birnin Kebbi. Gadon da nake taƙama da shi ke nan. Ɗayan gadon yana ninke a takardar gwajin jinina cikin akwatin Inna: AS. Ni duk a zatona zancen aure ne, kada in nemi mai AS mu haifi sikila.

Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, kwanana huɗu da tashi daga zazzaɓin cizon sauro. Koci ya jera mu gudu, je ka dawo, ba hutu. A zagaye na biyar cinyoyina suka mutu. Na san ɗaurewar jijiya, naman ƙamewa yake yi kamar dutse. Wannan karon laushi suka yi tiɓis, kamar na aro. A nan ya kamata in zauna. Sai wani ya ce, "Ɗan kokawa, har ka gaji?" Aka kwashe da dariya, na ƙara biyu.

Da dare fitsarina ya koma kalar baƙin shayi. Ana ɗaura mini ruwa likita ta ce, "Malam, ka san jinotayif ɗinka?" Ta ce in zafi da ƙishirwa da gudu ba sassauci suka haɗu wa mai AS, jajayen ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, nama ya fara lalacewa, dattinsa ya taru a ƙoda. A Amurka, tun 2010 manyan jami'o'i ke gwada 'yan wasansu, bayan an rasa matasa a filin atisaye. Mu a Najeriya da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da S, ko sau ɗaya ba a taɓa tambayata ba.

Har yanzu ina buga ƙwallo, AS ba ta hana. Amma da jarkar ruwa nake zuwa, bayan zazzaɓi a hankali nake komawa, kuma in ƙafa ta yi wannan laushin, a yi ta dariya, zama zan yi. Zagaye biyu, saboda kunya!

Da aka sallame ni na matsa aka gwada 'yan gidanmu. Inna AA ce. S ɗin daga wajen Baba ya zo.